Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Daraktan Ilimi na Jahar Maradi kan sayen rariyar imel

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto ne kan rariyar imel, wato manhajar da ke tace imel ta ware saƙon damfara da na talla. Roƙonmu shi ne kada a biya kuɗin rariya ga kowace makaranta sai an gwada ta, an kuma ƙirga saƙon gaskiya nawa take dannewa.

Dillalai suna saka farashi a kan kowane akwatin imel. A ce Yuro 1 ne a wata, makarantar kuma tana da akwati 400: shekara guda ta ci Yuro 4,800, sama da sefa miliyan 3 ke nan, tunda Yuro 1 sefa 655.957 ne. Kuma kowace shekara sai an sabunta. Alhali tsarin imel na makarantu, wato Google Workspace for Education Fundamentals da Office 365 A1 na Microsoft, kyauta ne ga makarantar da ta cika sharuɗɗa, kuma duka biyu da rariyarsu a ciki. Abin da makaranta za ta biya shi ne sunan adireshinta na intanet. Ga yawancin makarantunmu wannan ya isa.

Akwai masu cewa a ajiye sabar, wato kwamfutar da ke karɓa da aika imel, a ofis, a saka mata manhajar tace imel ta SpamAssassin ko Rspamd, tunda su ma ba a saye. Manhajar kam kyauta ce, amma ɗawainiyarta ba kyauta ba. Sai da batir ko sola, da ɗaki mai sanyi a zafin Afrilu, da mai kakkaɓe ƙurar hunturu, da ma'aikacin da zai riƙa sabunta ta. Idan wuta ta ɗauke, sabar mai aikowa takan yi ta sake gwadawa kwana 4 zuwa 5, daga nan ta mayar da saƙon. Hutu guda ya isa a yi asarar wasiƙu. Sashen SpamAssassin mai koyo da kansa ma ba ya fara aiki sai an ba shi saƙon banza 200 da na kirki 200. Ga matsalar adireshi: lambobin IP (lambar da ake gane kwamfuta da ita a intanet) na layin gida galibi suna cikin PBL, jerin lambobin da bai kamata su aika imel kai tsaye ba na ƙungiyar yaƙi da saƙon banza ta Spamhaus, don haka wasiƙar da ta fito kai tsaye daga can sai a ƙi karɓarta. Jami'a mai ma'aikatan kwamfuta na dindindin za ta iya. Makarantar da malamin lissafi ne ke taɓa kwamfuta bayan an tashi, ba za ta iya ba.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen auna inganci. Kowane dillali zai faɗi kashi nawa na saƙon banza yake kamawa, amma da wuya ya faɗi na kirki nawa ya kama tare da su. Talla ta tsallake, malami ya goge ta, shi ke nan. Amma sanarwar jarrabawar BEPC ko BAC, ko amsar neman tallafin karatu, idan ta faɗa akwatin shara ba wanda ya leƙa, Gmail zai share ta bayan kwana 30. Iyayenmu kuma suna rubutu da Hausa gauraye da Faransanci, a gajarce, daga waya. Dole a ga yadda rariya ke yi da irin wannan.

Gwajin ba shi da wuya. A zaɓi makaranta biyu ko uku, wata guda. Kullum mutum ɗaya ya buɗe inda ake tsare saƙonni, ya rubuta na banza nawa suka wuce, na kirki nawa aka tsare, da mintin da aikin ya ci. SpamAssassin na ba kowane saƙo makin tuhuma; saƙo ya kai maki 5 ake ɗaukarsa na banza. Kada a rage wannan don a burge, kuma kada a saita rariya ta goge da kanta, ta tsare kawai.

Kafin ma a kashe ko dala, a saita SPF da DKIM da DMARC, wato hanyoyin tabbatar da cewa saƙo daga mai adireshin ya fito, a kan adireshin kowace makaranta, don kada ɓarawo ya aika wa iyaye takardar biyan kuɗi da sunan darakta. Tun Fabrairun 2024 Google ke neman aƙalla SPF ko DKIM daga duk mai aiko masa saƙo. DMARC a fara shi a matakin sa ido, sai an tabbatar saƙon makaranta na wucewa sannan a tsananta.

Idan akwai kuɗi, a kashe su kan akwatunan da ɓarayi ke hari: na darakta, na mai riƙe da kuɗi, na mai kula da jarrabawa. Waɗannan a saya musu ƙarin kariya mai duba mahaɗin shafukan intanet da takardun da aka liƙa a saƙo, a kuma tilasta musu shiga da mataki biyu, kalmar sirri da lambar da ake samu ta waya. Duk kwangilar da za a sa wa hannu kada ta wuce shekara guda, ta fayyace inda ake ajiye bayanan ɗalibai bisa dokokin da hukumar kare bayanan sirri ta ƙasa, HAPDP, ke kula da su, da yadda makaranta za ta kwashe saƙonninta idan ta so barin kamfanin.

Allah ya taimake ku.

Naku,
Wasu ma'aikatan kwamfuta da malaman makarantu a Maradi