Dokta bai san yadda aka sayi kekena ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Tun daren Talata maganar Doktan da kuka gayyato a shirinku na rediyo take ci mini rai, na so in haɗiye na kasa. Ba sai na maimaita duka ba, kun ji da kunnenku. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne cewar da ya yi wai kyautar jama'a ce ta mayar da nakasassu mabarata, don haka kowa ya rufe hannunsa a bar wa gwamnati da ƙungiyoyi. Shi kuma mai gabatarwa ba abin da yake cewa sai "haka ne Dokta, gaskiya ne Dokta." Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, don haka fushina ya fi yawa a kanku. Kusan awa guda ana maganarmu, babu gurgu ko makaho ko ɗaya a ɗakin. Na buga layinku har kuɗin wayata suka ƙare, ba a ɗauka ba.

Ni gurgu ne. Shan inna ya kama ni ina shekara uku, tun kafin masu ɗigon rigakafi su fara bin gida gida. Da silifa a hannu nake rarrafe zuwa makarantar allo. Wanda ya san rairayin Sakkwato a tsakiyar bazara ya san abin da nake nufi. Gwiwoyina har yau kanta ce a jikinsu kamar ta raƙumi. In rana ta yi rana yayata ce take goya ni, har aka yi mata aure, daga nan na koma zaman zaure ina kallon tsarana suna wucewa da allunansu.

Ina da shekara goma sha ɗaya, wata ranar Juma'a bayan la'asar, limamin shiyarmu ya juyo ya fuskanci mutane. Ina bakin ƙofa wajen takalma, inda na saba zama. Ya nuna ni ya ce, "Jama'a, wanga yaro ɗanmu na. Shina jan ƙasa muna kallo, mi za mu ce ma Allah?" Ya cire hularsa ya miƙa wa na kusa da shi. Ban manta kunyar da na ji ba, na sunkuyar da kai har hular ta gama zagayawa. Juma'a uku aka yi ana haka kafin kuɗi su kai. Wata tsohuwa mai ƙosai, da ba ta ma shiga masallacin, ta aiko jikarta da silalla ƙulle a ƙyalle, duk sun yi maiƙo. Mai walda ya ce kuɗin ƙarfe kawai zai karɓa. Ya haɗa mini keke da ƙafafun tsohon basukur, ya sa sarƙa da feda ta hannu, ya shafa masa shuɗin fenti. Ranar da na hau shi yara suka bi ni da gudu har bakin titi, ni kuma ban iya birki ba, muka faɗa kwata ni da keken. Da dariya aka tsamo ni.

To, Dokta, wannan hular da ta zagaya, bara ce?

Keken nan ne ya kai ni shiyar Madunka wajen wani baduku, Allah ya jiƙansa. Bai taɓa ba ni sisi don tausayi ba. Basilla ya ba ni da zare da guntayen fata, ya ce sana'ar zaune ce, ƙafa ba ta da aiki a cikinta. In na karkace ɗinki yana make mini hannu kamar kowane yaro. Da ɗinkin laya na fara, na koma takalmi da jaka, har na iya yanka jar fatar akuya ba tare da na yi ɓarna ba. Da na yi nufin buɗe nawa wuri, abokan sana'a suka bar mini kwasar farko a adashe, alhali ni ne na shiga a ƙarshe. Yau yara huɗu ke ƙarƙashina, uku masu ƙafa, ɗaya kurma, kuma kurman ya fi su tsaftar ɗinki. Ina da mata da 'ya'ya. Bara waccan da aka zagaya da hula don kai wata yarinya makauniya makarantar nakasassu ta A.A. Raji, ni ma na sa nawa, kuma ban sa kaɗan ba.

Ban ce babu bara ba. Ina wucewa ta Masallacin Shehu ranar Juma'a, ina ganin layin, wasu ma na san su da suna. Amma da wakilinku ya tsaya ya tambaye su daga ina, da ya ji da yawansu ba 'yan gari ba ne. Wasu daga ƙauyukan Sabon Birni da Isa 'yan bindiga suka koro su, suka baro dangi da maƙwabta da masallacin da ya san su. Mutum ba ya zama bakin titi don jama'arsa sun cika ba shi, sai in ya rasa jama'ar. Wanda shiyarsu ta riƙe, ba za ka gan shi a randabawul ba, yana shago ko yana gida, shi ya sa Dokta bai ƙirga da mu ba ya yi mana kuɗin goro. Muna da Sarkin Guragu, muna da Sarkin Makafi, tun kaka da kakanni. Me ya hana ku gayyato ɗaya ya zauna kusa da shi?

Gwamnatin da ya ce a bar wa, ba mu raina nata ba. Zamanin Gwamna Wamakko an riƙa biyan nakasassu naira 6,500 duk wata, kuma Hukumar Zakka da Waƙafi tana nata ƙoƙari. A 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su yi hanyar da keke zai hau, ta kuma ware mana kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Shekara biyar ɗin sun wuce. Watan jiya na je wani ofis kan wata takarda, matakala ce tun daga ƙofa. Na zauna a ƙasa ina kallonta. Mai gadi da wani ɗan kabu-kabu da ban taɓa gani ba suka ɗauke ni cak, ɗaya ta hammata ɗaya ta ƙafa, suka kai ni sama, ɗan kabu-kabun ya jira har na gama ya sauko da ni, ya ƙi karɓar ko kwabo. Da ya bi shawarar da aka bayar a gidanku, da ina nan ƙasan matakala har a tashi aiki.

Kuma abin mamaki a ce a garin Shehu ake faɗa wa mutane su rufe hannu. Yaro na makarantar allo ya san a kan wa Suratu Abasa ta sauka, ya san Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne kuma ladanin Manzon Allah (SAW). Da Dokta ya ce a gyara yadda ake bayarwa, a haɗa a sayi keke ko keken ɗinki ko jari maimakon a yi ta wurga canji ta tagar mota, da ni ne farkon mai sa masa albarka. Ba haka ya ce ba. Na san masu hannu da shuni da dama uzuri suke nema, ga shi kun ba su, har da shaidar Dokta.

Tunda na riga na ɗauki waya, bari in faɗi wannan ma. Tallar maganin gargajiyar nan da kuke sakawa bayan magariba, don Allah ku duba ta. Lokacin ne muke cin tuwo da iyali, rediyo na tsakar gida, sai mutum ya fara lissafa cututtukan ma'aurata da sunayen da ko a majalisar samari ba a faɗa. Shekaranjiya sai da na rarrafa da sauri na kashe, surukata na zaune. Ku mayar da ita ƙarfe goma sha ɗaya na dare in kuɗin tallar ba sa baruwa.

In kun shirya sake shirin, shagona a buɗe yake daga safe zuwa la'asar, ban da Juma'a. Ku turo wakilinku, ya zo da Dokta in zai yarda. Tsohon keken yana nan jingine a bayan shago, fentin ya koɗe amma sarƙar tana juyawa.

Naku mai sauraro,
Wani baduku, Sakkwato.