Wasiƙa daga Agege kan maganar ƙwallon raga

Agege, Legas

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Ya ƙarfin jikin Hajiya? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan sai godiya, ruwa dai ake ta yi ba ƙaƙƙautawa.

Saƙonka ya iso, na kuma fahimci damuwarka: 'yarmu ta ce za ta shiga ƙungiyar ƙwallon raga ta jami'arsu, kai kuma ranka bai kwanta ba. Tunda tawa ta riga ta shiga a nan, ga shawarata: ka bar ta ta yi.

A jami'ar da tawa take ƙungiya biyu ce, ta maza daban, ta mata daban, kowacce da kocinta da lokacin atisayenta. Doka ɗaya ce, mutum shida a kowane gefe, taɓawa uku ƙwallo ta tsallake, a nemi maki 25. Ragar maza mita 2.43 ce, ta mata 2.24. Abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne mata da mata suke karawa, kuma raga na tsakaninsu, babu ture-ture balle kokawa.

Tawa ba ta da tsawo, sai aka ba ta gurbin libero, mai tsaron baya da ke sa riga mai launi daban. Aikinta tare ƙwallon da aka makaɗo da ƙarfi kafin ta taɓa ƙasa. Farkon shigarta hannuwanta duk sun yi tsami, har mahaifiyarta ke shafa mata man kaɗanya da dare tana mita. Yanzu kuwa da asuba take tashi, karatunta ma ya gyaru, don kocinsu ba ya ɗaukar wadda sakamakonta ya faɗi.

Na san sutura ce babbar damuwarka. Da ƙaramin hijabi take bugawa, da riga mai dogon hannu da dogon wando, ba wanda ya ce mata uffan. Ai a gasar Olamfik ta 2016 a Rio, Doaa Elghobashy ta Masar da hijabinta ta buga ƙwallon raga ta bakin teku, duniya na kallo.

Kuma ba wasan banza ba ne. Jami'o'in ƙasar nan suna da gasarsu ta NUGA tun 1966, wadda aka fara a Ibadan, a 2022 kuma Jami'ar Legas da ke Akoka ce ta karɓi baƙuncinta. Burin yaran nan ke nan.

Abu ɗaya ke ci min rai. Ranar wasan maza wuri cika yake yi maƙil, ana gamawa sai a watse a bar 'yan matan da 'yan tsirarun 'yan kallo. Iyayen wasu kan zo da kular abinci suna kiran sunan 'ya'yansu, mu 'yan Arewa kuwa da ƙyar ka ga uba ɗaya. Wallahi yarinya na ganin mahaifinta a zaune bugunta ke ƙara kyau. In ka yarje mata, ka daure ka riƙa zuwa.

Ka turo min lambar takalminta. Zan leƙa kasuwar Yaba in saya mata takalmi da matashin gwiwa, in ba direba mai zuwa wajenku.

A gaida Hajiya da yara.

Naka har kullum,
Amininka na Agege