Daga ina ƙurar sararin samaniya take fitowa?

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon a ba ni fili in ja hankalin masu karatu kan ƙurar da ke tsakanin taurari, wadda ba a cika ba ta muhimmanci ba, alhali a kan ƙwayoyinta ne iskar haidirojin take haɗuwa kafin sababbin taurari su samu.

Wani kaso nata daga tsofaffin taurari yake fitowa, waɗanda kabon ya fi oksijin yawa a jikinsu. Oksijin yakan kama kabon su zama iska guda, ragowar kabon ɗin kuma, yayin da iskar da tauraron ke fitarwa take yin nisa da shi tana hucewa, ya zama asitilin, wata iska ta kabon da haidirojin, daga nan ƙwayoyin kabon su ƙulla zobba, zobban su yi ta manne wa juna har su zama ƙura mai kama da kunkunniya.

Abin da ya fi burge ni shi ne, wajen kwaikwayon wannan yanayi ne masana kimiyya Kroto da Curl da Smalley suka gano ƙwallon kabon mai ƙwayar zarra 60 a Jami'ar Rice ta Amurka a 1985. Sai a 2010 madubin hangen nesa na Spitzer ya tabbatar da samuwarsa a sararin samaniya.

Naku,
Wani mai karatu