Rahoton Ayyukan Ƙungiyarmu ta Masu Hawan Dutse, Shekarar 2024

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Tun farkon Janairu ya kamata rahoton nan ya iso gare ku, ga shi har Fabrairu ta yi nisa. Ma'aji ya ce ba zai rufe littafi ba sai masu "zan turo ranar Juma'a" sun turo, ni kuma na ce ba zan yi rahoto a kan lissafin da bai rufu ba. Juma'a ta zo ta wuce sau shida, muka haƙura.

Taron wata-wata an yi tara cikin goma sha biyu, yawanci ta Zoom, kuma fuskokin da kuka sani ne.

Bari in fara da kuɗi, tunda shi ya fi ci mini rai. Suna 34 ne a rajista. Waɗanda suka biya dala 60 ɗinsu cif su 13 ne, huɗu sun ba da rabi, sauran kuwa shiru kake ji wai malam ya ci shirwa. Na tura saƙo a zaure, na bi mutane ɗaya bayan ɗaya, har na kai ga tare wani bawan Allah a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, abin da ban taɓa zaton zan yi wa babban mutum ba. Ni ba ɗan haraji ba ne. Ina da aikina da iyalina kamar kowa, kuma ba a biyana ko sisi. Abin da ya fi ba ni mamaki, waɗanda ba su biya ba su ne kan gaba wajen tambayar "yaushe za a tafi Utah?"

Wani ya rubuto yana cewa shi bai ga abin da ake yi da kuɗin ba, tunda dutse na Allah ne. Gaskiya ne, dutse na Allah ne, amma kam na kanti ne. Wanda iyakar hawansa bangon roba na cikin gari, inda an riga an kafa masa komai, ba zai gane ba. A hawan gargajiya da muka kafa ƙungiyar nan dominsa, mai jan gaba shi ke ɗauke da kariyarsa a ɗamara. Yana hawa yana cusa kam ko nat, wato ƙarafan kariya masu maƙalewa, cikin tsagar dutse yana maƙala igiya, na baya ya biyo yana cirewa, a bar dutse yadda aka same shi. Kam ɗaya matsakaici yana kaiwa dala 80 zuwa 100, kuma ba a hawa da ɗaya. Igiyoyinmu biyu mun yi musu ritaya a bara, domin dutsen gandun Joshua Tree na nan Kalifoniya kaushi gare shi, yana cin igiya kamar magagari, ɗaya har farin cikinta ya fara leƙowa. Guda ɗaya muka iya saya mai mita 60, da hulunan kwano biyu, muka kuma aika kam huɗu aka sake musu ɗinkin madauri. Nan kuɗin ya ƙare. Rasidai suna wurin ma'aji, duk mai son gani ya je, shi ma zai ji daɗin baƙo.

Tafiyar Indian Creek ta Utah da aka yi alkawari tun taron ƙarshen 2023 ba ta yiwu ba, kuma na ji ana cewa kwamiti ne ya yi sanyin jiki. An bar jaki ana dukan taiki. Tsagogin can a miƙe suke sambal, faɗinsu ɗaya daga ƙasa har sama, don haka hanya guda takan ci kam shida, takwas, har goma masu girma ɗaya. Mu masu girman lamba 2 guda biyu muke da su, ɗayan ma mai ruwan ɗorawar nan wani ya are shi tun Afrilu, shiru kamar an aiki bawa garinsu. A tuƙa mota fiye da awa goma a je a tsaya ana kallon tsaga daga ƙasa? Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ta Red Rock a Nevada kuwa ni na soke ta da hannuna, kuma ban yi nadama ba. Kun tuna ruwan da aka tafka a farkon Fabrairun bara. Dutsen can na yashi ne, in ya sha ruwa ƙarfinsa yana raguwa, maƙalin hannu ya ɓalle, kam ya zame ya fito da ɓarɓashi. Al'adar masu hawa a can ita ce a jira kwana ɗaya zuwa biyu, ko fiye in wurin inuwa ne, sai ƙasa ta bushe sarai. Mutum biyu sun yi fushi saboda sun ɗauki hutu a wurin aiki. Na ba su haƙuri a lokacin, ina sake ba su yanzu. Daga nan azumi ya kama, 11 ga Maris zuwa 9 ga Afrilu, wato daidai tsakiyar lokacin da hamada ta fi daɗin hawa. Bayan salla da 'yan makonni zafi ya shigo, kuma wanda ya taɓa Joshua Tree a Yuli ya san digiri 38 ba abin labari ba ne. Tahquitz ce mafakar bazara, sama da Idyllwild inda akwai sanyi, can ne ma aka tsara ma'aunin wahalar hanyar nan na 5.7 da 5.8 da muke amfani da shi a shekarun 1950. Amma hanyoyinta dogaye ne, sai an hau zango-zango, mu kuwa masu iya jan gaba a irin wannan biyu ne tak, ɗaya kuma matarsa ta haihu a Yuni. Horon taimakon gaggawa ma an ɗage, mutum uku suka sa suna, mai koyarwa ya ce ba ya zuwa don ƙasa da takwas.

To, Alhamdu lillahi, Nuwamba ta wanke mana zuciya.

Mun kama wurin kwana na rukuni a Indian Cove, cikin gandun Joshua Tree, ƙarshen mako na biyu na watan. An yi ta ƙorafin me ya sa ba Hidden Valley ba, tunda nan duwatsun suke. Hidden Valley wurare 44 ne kawai, ba a kama su tun daga gida, wanda ya riga zuwa shi ke da wuri, ba zan ɗebo mata da yara in je ina zagaye da daddare ba. Indian Cove kuma ta fi ƙasa, sanyinta da sauƙi. Kuɗinta dai shi ne kullum da safe sai an fito titin 62 an zagaya ta ƙofar yamma. Motoci huɗu muka yi, mutum 15 har da yara uku. Babu famfo a sansanin, don haka jarkoki muka cika tun daga Yucca Valley, aka ware na sha da na alwala. Hajiya ta kafa doka a kan butar alwala, ba wanda ya isa ya wanke kofi da ita. Sababbin zuwa biyu sun shimfiɗa darduma suna fuskantar fitowar rana, sai da aka juyo su, domin daga kudancin Kalifoniya alƙibla arewa take, ta ɗan karkata gabas. Magariba kuwa kafin ƙarfe biyar ta yi, wanda ya sa kowa ya koyi tashi da wuri.

Duk wanda ya fara ganin tulin duwatsun nan sai ya ce Kufena ce, ko hanyar Jos. Alhaji ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce tun yana yaro yake hawan irinsu da silifa ba wanda ya tambaye shi hular kwano. Muka ce Alhaji a sa dai.

Asabar da safe mun biya ta wurin gahawar da ma'aikatan gandun ke haɗa wa masu hawa a Hidden Valley, kowa da kofinsa. Kwanaki kaɗan kafin nan wurin ya cika shekara 30 da zama gandun ƙasa, tun 1994, kodayake an fara killace shi tun 1936. Sun tuna mana kada a ɗaura igiya ko lilo a jikin bishiya, kada a tsinci itacen wuta, a leƙa ƙarƙashin mota kafin a tayar saboda kunkuru, kuma in an gan shi kada a ɗaga shi, domin tsoro kan sa ya zubar da ruwan da ya tara a jikinsa. Yaran sun riƙe wannan sosai, duk tsayawar da muka yi sai sun kwanta sun leƙa. Hanyoyin hawa sun haura 8,000 a gandun. Na ƙirga namu a littafi, tun kafuwarmu ba mu hau talatin ba.

Rabin ranar a Trashcan Rock muka yi ta, kusa da Quail Springs, da igiyar sama, wato wadda aka riga aka ɗaura daga saman dutse, ana koya wa sababbi cusa hannu a tsaga. Abin da wuyar bayani sai an gwada. Ka shigar da tafin hannu a miƙe cikin tsaga, ka tura babban yatsa cikin tafin, hannun ya kumbura, bayansa ya danne gefe ɗaya, yatsu su danne ɗaya gefen. Ƙafa kuma a karkace take shiga, gwiwa a waje, sannan ka juyo gwiwar ciki, takalmi ya maƙale. Da zafi, ba zan yi muku ƙarya ba. Waɗanda suka raina naɗa filasta a bayan hannu sun koma gida kamar sun yi dambe da katanga.

Ranar Lahadi ce ba zan manta ba. Ƙanwarmu ma'aikaciyar jinya, wadda shekara biyu ke nan tana bin baya tana cire kaya, ta ce yau ita za ta ja gaba a The Bong, tsagar nan mai 5.4 a jikin dutsen The Blob. Kada wani ya raina lambar, ma'aunin Joshua Tree rowa gare shi. Ta naɗa filastarta tsaf irin ta masu aikin asibiti, ta jera kam a ɗamara daga ƙarami zuwa babba, ta yi bisimilla. Na farko da ta sa ya buɗe baki kamar lema. Mai riƙe mata igiya ya ce, ba tare da ɗaga murya ba, "Ya yi ƙarami, ƙanwata, ɗauko shuɗin." Ta cire, ta sa shuɗin, ta ja shi sau biyu ta ji ya zauna, ta maƙala igiya. Da ta kai inda dutsen ya ɗan turo ciki, ƙafarta ta hagu ta kama rawa kamar mai taka keken ɗinki. Mu a ƙasa kowa ya yi tsit, har yaran. Ta ce, "Yaya, riƙe ni." Ya ce, "Ina riƙe da ke, kam ɗinki mai kyau ne, ki sauke diddige ki yi numfashi." Ta fi minti biyu a wurin. Sai muka ga ta zura hannun dama can sama, ta danna, ta miƙe a kansa. Da ta kai sama ta kafa turke da kam uku, ta kira cewa ta ɗaure, Hajiya ta rangaɗa guɗa har wasu Turawa da ke jiran layi suka hau tafi ba su san dalili ba. Ni na bi bayanta na cire kayan, kuma ina shaida cewa ban da na farkon nan, babu wanda zan gyara mata. Yanzu masu jan gaba sun zama uku, kuma ta ukun ba ta taɓa makarar biyan kuɗin shekara ba. Na faɗa ne kawai.

Da rana muka koma dutsen The Old Woman don tsagar Double Cross, 5.7 da ɗoriya. Wannan ba mu bar sabo ya ja ba, domin farkonta fili ne, sai an yi nisa kafin a samu inda za a sa kariya ta kirki, kuma ta sha raunata mutane. Shugaba ya ja, mutum biyar suka bi da igiyar sama. Ɗanmu da ke hawan 5.11 a bangon cikin gari ya rataya sau huɗu, ya sauko yana rantsuwa cewa lambar ƙarya ce. Yana ta neman abin kamawa a waje, tsagar na gabansa ya ƙi sa hannu. Alhaji kuwa, mai shekara kusan sittin, ya bi ta a hankali yana salati, bai rataya ko sau ɗaya ba. Hanyar Sail Away da muka sa a jadawali ba mu samu ba, layi ya yi tsawo rana kuma ta yi ƙasa. Daren nan an ci dambun nama da shayi mai citta, karnukan daji na kuka daga nesa, babu sabis ɗin waya balle wani ya duba saƙo.

Hotunan da aka sa a zaure sun samu yabo daga mutum fiye da ashirin, har da masu cewa "ai da an gaya mini". An gaya muku, tun Mayu, sau biyar. Mutum huɗu kuma sun sa suna, aka ƙirga da su a abinci da mota, suka janye daren Alhamis, kuɗin da ba a cike ba ma'aji ya cike daga aljihunsa. Kwamiti ya yanke cewa daga bana sai wanda ya biya kuɗin shekara zai sa suna a tafiya, kuma aron kaya sai da sa hannu a littafi, mako biyu a dawo da shi. Na san za a ce mun tsananta.

Azumin bana, 2025, zai kama farkon Maris, don haka taro na gaba Asabar ta ƙarshe ta Fabrairu ne, ido da ido, a gidan shugaba bayan la'asar, kuma a nan za a zaɓi sabon sakatare, domin wa'adina ya cika kuma ba na neman ƙari. Muna so mu fita sau ɗaya a Afrilu bayan salla kafin zafi. Wurin kwana na Nuwamba wata shida kafin lokaci ake buɗe kamunsa, na rukuni kuma ba ya jimawa, saboda haka kuɗin ya kasance a hannun ma'aji kafin ƙarshen Afrilu. Mai kam ɗinmu lamba 2, na san ka kuma ka san na san ka. Ka zo da shi taron, ko ka ba wani ya kawo, ba wanda zai tambaye ka komai.

Wassalam,
Sakatare