Rahoton ayyukan shekara: inda muka tsaya da aikin Bedford ɗinmu

Assalamu alaikum, gaisuwa ga iyayen ƙungiya da shugabanni da dukkan mambobi na cikin Jos da Bukuru da waɗanda aiki ya kai su Abuja da sauran wurare, da fatan kowa ya ga ƙarshen shekara lafiya. Ga rahoton sakatare kan abin da aka yi bana, kuma bari in faɗi babbar maganar tun farko kar wani ya yi ta nemanta a ƙasa: tsohuwar babbar motarmu Bedford da muke gyarawa ba ta fita nuni ba kamar yadda aka sa rai a mitin ɗin farkon shekara. Tana nan a garejinmu na Dilimi, inji na tashi, shasi da kai sun kammala, bodi ya kusa, birki da fentin ƙarshe ne manyan abubuwan da suka rage. Kwamiti ne ya yanke a dakata, ni ma ina cikin waɗanda suka goyi bayan haka kuma har yanzu ina kan bakana.

Saboda sabbin mambobi da suka shigo tsakiyar shekara suna ta tambaya me ya sa wannan tsohuwar motar muka zaɓa, Bedford ce samfurin TJ mai dogon hanci wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1958, kamfanin Vauxhall ne ya riƙa yinsu a masana'antarsa ta Dunstable, a nan Najeriya kuma kamfanin Federated Motor Industries na UAC ya riƙa harhaɗa su a Legas. Irin waɗannan motocin ne suka yi jigilar gyaɗa da auduga da shanu, a nan Filato kuma suka yi dakon kaya a zamanin haƙar kuza da ɗaukar dankali daga ƙauyuka kafin Marsandi 911 ta zo ta ƙwace hanya. General Motors, uwar kamfanin Vauxhall, ta daina ƙera manyan motocin Bedford a 1986, waɗanda suka rage a hannun mutane kuwa 'yan gwangwan sun yanka mafi yawansu sun sayar a kilo, tamu ma saura ƙiris ta bi su da Allah bai sa Baba shugaba ya ji labarinta ba. Sitiyarinta a dama yake, irin na kafin ranar 2 ga Afrilu 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kuma a nan zai zauna, wannan an gama maganarsa tun bara.

Aikin farko bana shine wargaza ta gaba ɗaya, an sauke ruɓaɓɓen bodin, an ɗage kai, an cire inji da giyabos da safirin har sai da shasi ya tsaya shi kaɗai a kan katako. Kowane noti da kowace kusa an sa su a leda an rubuta daga inda suka fito an ɗauki hoto kafin a kwance, yaran gareji da farko suna ganin ɓata lokaci ne amma da aka zo mayarwa su da kansu suke neman wayar da hotunan suke. Shasin ya ba mu mamaki wallahi, ƙarfen da ƙaurinsa, tsatsa ta ci sama sama ne kawai in banda wajen baya inda ruwa ya daɗe yana kwanciya ƙarƙashin katako, nan ɗin aka yanke aka sa sabon ƙarfe daidai kaurin na asali. An kankare, an shafa jan fenti na hana tsatsa sannan baƙi. Wani abu da ya ba makanikanmu wahala shine notunan duk na inci ne ba milimita ba, sifanan da kowa ke riƙe da su yanzu sai su riƙa zamewa suna cinye kan noti, sai da wani dattijo cikin iyayen ƙungiya ya je gida ya ɗauko akwatin sifanansa na da ya ba da aro, Allah ya saka masa da alheri.

Sai maganar inji wadda ta kusa raba mitin biyu. Injinta na gas ne mai silinda shida, wanda ake kira 330, wajen lita 5.4 kenan, kuma mun same shi a cije ba ya juyawa ko kaɗan. Wasu 'yan uwa suka kawo shawara a sayi injin Beljiyam na wata mota a ɗora a huta, kuɗin zai yi sauƙi kuma motar za ta fi gudu, kuma gaskiya ba shawarar banza bace in da lodin tumatur za mu riƙa yi daga Farar Gada zuwa kudu. Amma mu ba haya za mu yi da ita ba, duk wanda ya san mota a wurin nuni bonet yake fara buɗewa, ya ga injin wani kamfani a ciki shikenan ba Bedford ya gani ba komai ƙyallin fentin. Da aka ƙada ƙuri'a masu cewa a gyara nata suka yi rinjaye. An jiƙa silindojin da gas da baƙin mai aka bar su suka sha sosai sannan aka riƙa bugun fiston a hankali da guntun katako har suka saki, kuranshaf an kai shi girandin, an sa sabbin ringi da biyarin da gaskit, famfon injekta na kamfanin CAV da nozul nozul ɗin an kai su wurin mai saiti. Ranar da aka tayar da shi waɗanda suke wurin sun ji, ya yi tari ya zubo baƙin hayaƙi ya cika garejin sannan ya daidaita, oga makanike ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin injin ya daɗe bai ce komai ba sai can ya ce a kashe a duba ko akwai yoyon mai, babu.

Kayan gyara kam an sha yawo, Dilimi an tona duk inda za a tona, an aika Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna da Ladipo a Legas. Abin da ya taimake mu shine wannan samfurin bai mutu a duniya ba, a Pakistan har yau ana aiki da su kuma a Indiya kamfanin Hindustan Motors ya daɗe yana ƙera irinsu, saboda haka ringi da gaskit da robobi ana samu ta hannun mambanmu da ke oda daga waje, sai dai a yi haƙuri da jira da canjin dala. Abin da ba a samu ba 'yan Panteka suka ƙera mana da samfurin tsohon a hannu, hannun ƙofa ɗaya da marikin madubi.

Wayarin an sake shi gaba ɗaya don tsohon ɓera ya gama da shi, amma mun bar dainamo ɗinta ba mu sa altaneta ba, kuma ina roƙon duk wanda zai taɓa batir ya tambayi rewaya tukuna saboda motocin Ingila da yawa na wancan zamanin kan fositif ne ake haɗawa da jikin mota ba negetif ba, a juya shi a yi ɓarna cikin minti ɗaya.

Kan motar shi ya cinye mana rabin damina. Ƙasan ƙofofi da wajen taka ƙafa da gindin madigadi duk sun huje, kuma da aka kankare sai ga bodi fila, ƙullun nan da ake cike lotsewar mota da shi, wani wurin kaurinsa ya kai yatsa, wanda masu ita na baya suka yi ta lafta mata. Oga fanabita ya ce shi ba zai mayar da fila a kan rami ba, ya yanke duk inda ya ruɓe ya yanko sabon falanki ya riƙa bugunsa a kan kututture yana gwadawa yana sake bugu har lanƙwasar ta zo daidai da ta ɗaya gefen sannan ya yi walda ɗigo ɗigo don kar zafi ya murɗe ƙarfen. Ku sa hannu ta cikin madigadin hagu ku shafa, ba za ku ji inda tsoho ya ƙare sabo ya fara ba. Haruffan BEDFORD na gaba duk suna nan an goge su sun fito, gilashin gaba ma lafiyarsa lau robarsa kawai aka canza.

To sai bodi, kuma nan nake so 'yan uwa su tsaya su karanta da kyau don har yanzu ana ta maganar a WhatsApp. Wasu matasanmu sun ga hotunan irin wannan motar a wuraren nuni na Ingila da ɗan gajeren bodi da fenti kala ɗaya suka ce haka orijinal yake haka za a yi. Ni ban yarda ba, kwamiti ma bai yarda ba. A da waɗannan motocin shasi da kai ake sayensu, mai mota ya kai wa kafintocinmu su gina masa bodin katako dogo daidai kayan da zai riƙa ɗauka, da tsani a gefe da akwati a saman kai inda karen mota ke ajiye tabarma da igiya da tamfol, sannan mai zane ya zo ya yi nasa. Motar da ta hau Hawan Kibo da lodi haka take, haka iyayenmu suka san ta, in muka yi mata bodin Ingila mun gyara motar da ba ta taɓa bin hanyarmu ba. Don haka aka auna tsohon bodin katako katako kafin a zubar, aka sayo iroko da maɗaci a kasuwar Katako aka jera su a inuwa da tsinke a tsakani suka bushe, don ɗanyen katako in ka ɗaure shi da noti yana bushewa sai ya tsage ko ya saki. Dattijon kafintan da ke jagorantar aikin tun yana yaro irin wannan bodin yake yi kuma ba ya duba takarda, da igiya da alli yake awo, mun sa yara biyu suna tsaye a kansa suna koyo suna rubuta awon saboda ba mu san wani da ya rage a gari mai wannan hannun ba. A allon baya kuma da aka bi tsohon fentin a hankali da samfefa mai laushi sai ga zanen zaki ya fito a ƙarƙashi da rubutun Allah Ya Kiyaye Hanya, an ɗauki hotonsa an kwafe shi a takarda kuma shi za a mayar yadda yake, allon na asali kuma za mu ajiye shi ba za a taɓa ba.

Dalilin dakatawa guda biyu ne. Na farko birki, birkin mai ne mai ganga, masta da silindojin ƙafafu duk tsatsa ta cinye cikinsu kuma bututun ƙarfen sun yi laushi, an ce a sa sabbin robobi kawai a lallaɓa a fita da ita ranar nuni tunda a hankali za a tafi, to garin Jos ba shimfiɗaɗɗe bane kowa ya sani kuma wurin nuni yara ne ke zagaye mota, ba wanda zai sa hannu a kan wannan. Sabbin silindojin suna hanya. Haka tayoyin, masu inci 20 ne da tib kuma rim ɗin mai zobe ne wanda in bai zauna daidai ba aka ba shi iska yana iya fallowa ya kashe mutum, dan Allah kar wani yaro ya taɓa su sai fokanaiza da ya saba da manyan motoci. Na biyu fenti, a Yuli da Agusta ruwan Jos ba ya barin ƙarfe ya bushe, hunturu ya shigo kuma ƙura ce za ta zauna a kan ɗanyen fenti, ɗan tsakanin nan na bayan ɗaukewar ruwa shine lokacin kuma bodin bai gama ba a lokacin. Mai fenti ya ce ko dai a jira ko a killace masa wuri da leda a yayyafa ruwa a ƙasa, za mu killace.

Sauran ayyuka a taƙaice, mun kai yaran mambobi gidan tarihi na Jos wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952 suka ga tsofaffin kawunan jirgin ƙasa na ƙaramin layin dogon Zariya zuwa Jos da aka rufe a 1957, an yi ziyarar dubiya da ta'aziyya ga 'yan uwan da abu ya shafa, Allah ya ba marasa lafiya lafiya ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Aikin gayya na ranar Asabar ya ɗore, Asabar ɗin muka zaɓa don masu zuwa masallacin Juma'a da masu zuwa coci ranar Lahadi kowa ya samu halarta, sai dai fuskokin kusan guda ne kullum, masu yawan magana a waya muna son ganinku a gareji ma.

Lissafin kuɗi ma'aji zai karanta shi dalla dalla a babban mitin da rasit rasit ɗinsa, abin da zan ce kawai shine inji da katako ne suka ɗauki kaso mafi girma, kuma da ba don oga makanike da fanabita da kafinta sun yafe mafi yawan kuɗin hannunsu ba da ba mu kai nan ba. Akwai bashin kuɗin wata a kan mutane da dama, ba zan kira suna a nan ba amma fenti da tayoyi da shi za a saya.

Abin da ke gaba shine birki, ƙarasa bodi, kujera da rufin ciki, fenti da zane, sannan takardu. Tunda dokar hanya ba ta amince mota mai sitiyari a dama ta riƙa yawo haka kawai ba, kwamiti zai nemi bayani daga hukuma kan izini, in bai samu ba a kan tirela za mu ɗora ta zuwa wurin nuni, Alhaji mataimakin shugaba ya yi alkawarin tirelar. Muna kuma roƙon duk wanda yake da tsohon hoton irin wannan motar a gidansu, na kakansa ko na tasha ko na kamfanin kuza, ya kawo mu ɗauka mu mayar masa a ranar, musamman wanda ya nuna cikin kai don har yanzu ana gardama kan kalar kujerar da yadda ɗinkinta yake. Babban mitin Asabar ta farko bayan sabuwar shekara ne da ƙarfe 10 na safe a gareji, kowa ya zo da katinsa.

Sakataren ƙungiya, Jos