Wasiƙa kan mastan birkin motarka

Assalamu alaikum, abokina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Ya aiki, ya yara? Saƙonka ya iso, kuma maganar motar nan ce ta sa ban jinkirta amsa ba. Ka ce idan ka tsaya ka bar ƙafarka a kan birki, fedar tana sulalewa ƙasa a hankali, alhali ka leƙa ƙarƙashin mota ba ka ga ɗigon mai ba, kuma wani ya ba ka shawara ka sayi robobi kawai a canza. Don Allah ka ajiye motar har a gama gyaran. Birkin da ya fara haka ba ya gaya wa mutum ranar da zai ƙi kamawa gaba ɗaya.

Abin da ka kwatanta ya yi kama ƙwarai da matsalar masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi. Ka ɗauke shi kamar sirinji: ka taka feda, sanda ta tura fistin, fistin ya matsa mai, man ya bi bututu ya je ya matse tayoyi. Fistin biyu ne a jere cikin silinda ɗaya, kowanne da nasa layin, domin idan layi ɗaya ya fashe ɗayan ya riƙe mota. Kowane fistin yana da roba mai baki irin na kofi wadda ke riƙe matsi. Idan robar ta cinye, ko bangon silindar ya karce, man ba ya fita waje, sai dai ya zagaye robar ya koma baya. Shi ya sa ba ka ga yoyo ba, kuma man da ke cikin kofin mai na saman masta bai ragu ba, amma fedar tana nutsewa.

Duk da haka kada ka kwance komai sai ka tabbatar. Feda mai laushi da ke ƙara tauri idan ka tattaka ta, wannan galibi iska ce a layi, ba laifin masta ba. Ka duba bayan kowace taya da bututun roba ko akwai danshi. Ka duba kuma wurin da masta ya haɗu da busta, wato baƙin gangan nan da ke bayansa mai ƙara wa takunka ƙarfi. Idan fenti ya ɗaye a wurin, to robar baya tana zubar da mai, wani lokaci ma cikin bustan yake taruwa ba a gani. Gwajin da na fi yarda da shi shi ne a cire bututun, a toshe ramukan masta da toshi mai zare daidai da su, a taka. In feda ta tsaya cak, matsalar tana bututu ko wajen tayoyi, ba a masta ba. In ta ci gaba da sauka, masta ne.

Yanzu ga tambayarka, a gyara ko a canza. Amsar tana cikin silindar, ba wanda zai ba ka ita kafin a buɗe. Ka cire zoben da ke riƙe fistin a baya, ka duba ko akwai ƙaramin noti ko fil da ke tare fistin na ciki, domin wasu suna da shi, kuma in ka ja da ƙarfi ba ka cire shi ba za ka yi ɓarna. Ka jera kayan a kan tsumma mai tsabta yadda suka fito, ka ɗauki hoto, saboda robar da aka sa ta juya baya ba ta riƙe komai. Sai ka haska tocila cikin ramin ka bi bangon da ɗan yatsa. In ya yi sumul, sabon kit na robobi da fistin zai yi aiki. In ka ji ramuka na tsatsa ko karce mai kama farce, ka haƙura da shi, ka nemi sabon masta. Sabuwar roba a kan bango mai ramuka za ta ba ka birki mai kyau na ɗan lokaci, har ka saki jiki, sannan ta yage. Wannan shi ne abin da nake ji maka tsoro, ya fi mini birkin da kowa ya san ya lalace haɗari.

Akwai kuma bambancin ƙarfe. Tsohon masta na baƙin ƙarfe ana iya goge cikinsa sama-sama da dutsen gogewa in tabon bai yi zurfi ba. Na alminiyom, wanda shi ne a yawancin motocin yanzu, yana da siririn rufi mai tauri a bangon ciki, in ka goge shi ka kashe silindar. A ganina, in na alminiyom ne kuma motar ta kwana biyu, canzawa ta fi kwanciyar hankali. Sai dai ka tabbatar faɗin ramin sabon daidai yake da na tsohon, don in ya bambanta, nisan tafiyar feda da ƙarfin kamawa duk za su canza.

In gyaran ka zaɓa, tsabta ita ce rabin aikin. Kada fetur ko kananzir ko baƙin mai su taɓa robobin nan ko kaɗan, suna kumbura su. Da man birki mai tsabta ko abin wanke birki na feshi ake wankewa, a jiƙa robobin da sabon man birki kafin a tura su ciki. Ka kula da ƙananan ramukan da ke ƙasan kofin mai. Ɗaya daga cikinsu ɗan mitsitsi ne, ta nan mai ke komawa idan ka ɗaga ƙafa. In datti ya toshe shi, ko sandar busta ta yi tsawo har fistin ya kasa komawa ya buɗe shi, birki zai riƙa riƙe tayoyi suna zafi kana tafiya.

Cire masta daga mota ba wuya. Ka zuƙe man da ke kofin, ka cire wayar da ke nuna ƙarancin mai, ka kwance bututun da sufana ta musamman mai tsagaggen baki don kada kan notin ya lalace, sannan noti biyun da ke riƙe shi da busta. Ka shimfiɗa tsumma, man birki yana cin fenti, in ya ɗiga ka wanke da ruwa nan take.

Kafin ka ɗaura sabon, ko wanda ka gyara, ka fitar masa da iska a kan tebur. Mutane da yawa suna tsallake wannan, su wuni suna bilidin a tayoyi, wato fitar da iska daga layin birki, feda ta ƙi tauri. Ka kama shi a bais, wato ƙarfen matse kaya na kan tebur, a miƙe, ka sa gajerun tiyo daga ramukan fita su koma cikin kofin, bakinsu a nutse cikin mai, ka riƙa tura fistin a hankali kana saki har kumfa ta daina fitowa. A cikin mota masta yakan ɗan karkace, iska ta maƙale a wani lungu inda taka feda ba ya korar ta. Wajen mayar da bututun, fara ɗaura su da hannu har zaren ya shiga daidai, sannan ka sa sufana.

Bayan haka sai bilidin a tayoyi huɗu. An saba farawa daga wadda ta fi nisa da masta, amma ka bi littafin motarka, domin wasu tsarinsu daban ne, kuma mai ABS, wato tsarin da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki da ƙarfi, wani lokaci sai an haɗa da na'urar kwamfuta in iska ta shiga famfonsa. Kada ka bar kofin ya ƙafe ana cikin yi.

Maganar mai kuwa, ka duba abin da aka rubuta a murfin kofin, wato lambar DOT mai nuna irin man birkin. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 dangi ɗaya ne, amma DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da su. Waɗancan ukun suna shan danshi daga iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Celsius, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155, kuma ruwan nan shi ke kawo tsatsar da ke cinye silinda tun farko. Shi ya sa kamfanonin mota da yawa ke cewa a canza shi duk shekara biyu. Ka yi amfani da kwalbar da ba a taɓa buɗewa ba.

In an gama, ka taka feda da ƙarfi injin a kashe, ka riƙe kamar rabin minti, kada ta motsa. Ka tada injin, za ta ɗan sauka kaɗan saboda busta, sannan ta tsaya, wannan daidai ne. Ka sake duba kowane noti ko akwai danshi, sannan ka gwada a fili a hankali kafin ka hau titi. In wani mataki ya shige maka duhu, ka kai wa bakanike wanda ya san birki, ka tsaya a kansa ya nuna maka cikin silindar da idonka.

Ka turo mini hoton ramin in ka buɗe, da sunan motar da shekararta, in duba tare da kai. Ka gaishe mini da Mama da maiɗakinka da yara. Allah ya tsare hanya, ya sada mu da alheri.

Naka,
abokinka