Kuɗin muhalli da kududdufan kuza na Filato

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana kan wata ɓarna da rashawa ke yi, wadda ba a iya ƙirga ta da naira.

Duk wanda ya san Bukuru da Barkin Ladi ya san kududdufan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa: ramuka masu zurfi da suka cinye gonaki, kuma har yau ana rasa yara da dabbobi a cikinsu, musamman da damina. Domin magance irin wannan lalacewar ƙasa ne Gwamnatin Tarayya ta kafa Asusun Kula da Muhalli a 1981. Amma a watan Yunin 2018 wata babbar kotu a Abuja ta samu tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye, da laifin karkatar da fiye da naira biliyan 1 na wannan asusu, ta yanke masa shekara 14, daga baya aka rage zuwa 10. A 2022 kuma aka yi masa afuwa.

A lokacin shari'ar, yawan kuɗin ne kowa ke ta ambato. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne ramin da ba a cike ba, da kwazazzabon da ke ƙara cin ƙasa kowace shekara. Ko da an ƙwato kuɗin gaba ɗaya, ƙasar noman da ruwa ya kwashe ba ta dawowa da hukuncin alƙali. Idan kuwa gona da makiyaya suka ƙanƙance a jihar da manomi da makiyayi suka daɗe suna zaman doya da manja, kowace kadada da aka rasa ƙarin itace ce a wutar rikici.

Akwai kuma ɓarnar tarbiyya, wadda ta fi damuna a matsayina na uba. Yaron da ya ga an ɗaure babba, sannan ya ga an sake shi tun wa'adi bai cika ba, da wane baki za a hana shi satar amsa a jarrabawa?

Saboda haka ina roƙon jaridarku ta riƙa buga kason da kowace jiha ke karɓa daga wannan asusu, sannan ta tura wakilanta su je su gani da idonsu ko akwai aiki a wuraren da aka rubuta an yi aiki. In za su fara, su fara da Bukuru.

Wassalam,
Mai karatunku daga Bukuru, Jihar Filato